Tsakanin Ganyen Marina Da Ganyen Hayaƙi: Wiwin Yau Ba Na Jiya Ba Ne

Duk wanda ya san Kano ya san Ƙofar Mata da abubuwa uku: filin idi, Asibitin Murtala, da kuma marinar nan da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Arzikin marina ganye ne, wato baba, wanda ake haɗawa da toka a tsima a rami har ya ba da shuɗin da ya kai sunan Kano ƙasashen Azbin da gaba. Abin takaici, a 'yan shekarun nan idan sunan unguwar ya fito a rediyo, sau da yawa labarin faɗan daba ne, kuma ganyen da ake ambata a labarin ba baba ba ne. Ba wai unguwar ta fi sauran lalacewa ba, a'a, ciwon na birnin ne baki ɗaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha.

Ni dai sana'ata nazarin harshe, don haka ta ƙofar kalma zan shiga. Bahaushe ya kira abin nan "tabar wiwi", ya jingina shi da taba, wadda kakanninmu suke tauna ba tare da kowa ya ɗaga ido ba. Matasa kuma suka ƙara sassauta shi, suka ce "ganye". Kalmar nan tana ɗauke da hujja a cikinta: ganye ai tsiro ne, Allah Ya fitar da shi daga ƙasa kamar zogale da rama, to ina laifinsa? Na sha jin wannan magana har daga bakin masu digiri.

To amma wane ganye? Wanda aka saba da shi shekaru aru-aru, daga dazuzzukan Ondo da Edo yake zuwa, ruwan sama da rana ne suka raine shi. Wanda jami'an NDLEA suke yawan kamawa yanzu a tashoshin jiragen ruwa da na sama na Legas, wanda ake kira Loud, kuma galibi daga Kanada yake fitowa, bai taɓa ganin rana ba. A rufaffen ɗaki ake noma shi ƙarƙashin fitilu, har iskar da yake shaƙa sayenta ake yi.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin batun iskar ne ya fi ba ni mamaki. Kowane tsiro da iskar kabon-dayoksaid yake haɗa abincinsa idan haske ya same shi. A sararin da muke shaƙa, iskar ba ta wuce kashi 420 da ɗoriya cikin miliyan ba, kuma a rufaffen wuri tsirrai kan zuƙe ta har girmansu ya tsaya. Manoman tumatir da furanni na ƙasar Holan sun daɗe da gane haka. Tun 2005 ake tura musu iskar ta bututu daga matatar mai ta Shell da ke kusa da Rotadam zuwa gidajen gilashinsu. Ilimi ne halal wanda ya ciyar da jama'a. Shi ne masu noman wiwi suka ara, musamman bayan Kanada ta halatta shi a watan Oktoba na 2018, manyan kamfanoni suka zuba jari. Gaskiyar magana, iskar yawan amfani take ƙarawa. Ƙarfin bugarwa kuwa daga zaɓen iri yake zuwa. Amma idan aka haɗa biyun, sakamakon shi ne kaya mai ƙarfi, mai yawa, wanda dole sai an nema masa kasuwa. Abin da ya fito daga irin wannan ɗaki ya fi kama da kayan masana'anta fiye da amfanin gona.

Alƙaluma sun tabbatar da canjin. A Amurka, sinadarin THC, wanda shi ne ke bugarwa, kusan kashi 4 cikin 100 ne a wiwin da aka kama a 1995, amma a 2014 ya kai kusan kashi 12. Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet Psychiatry a 2019, wanda aka yi a wurare 11 a Turai da Brazil, ya nuna mai shan wiwi kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali. Idan mai ƙarfin yake sha kullum, kusan sau biyar. Ga kuma wanda ake kira Kolorado, wanda sau da yawa busasshen ganye ne kawai aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji.

Duk waɗannan, da Hausa suna ɗaya gare su. Uba da ya ga abokansa sun sha a shekarun 1980 kuma ba su haukace ba, da wannan ma'auni yake auna ɗansa, ya ce ƙuruciya ce, zai bari. Malami a kan mumbari yana yi wa abin da ya sani jiya wa'azi. Likita a Dawanau ya tambayi yaro ko yana shan wiwi, yaro ya ce e, alhali amsar ba ta faɗi ko wanne ba. Hatta hukuma kilo take ƙirgawa, sai ka ce kilon Ondo da na Kanada nauyin illarsu ɗaya.

A ganina, ya kamata NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, ta riƙa auna ƙarfin abin da take kamawa a Kano tana sanar da jama'a, ba nauyinsa kaɗai ba. Mu kuma masu nazarin harshe a Jami'ar Bayero da sauran jami'o'i, aikinmu ne mu zauna da likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan rediyo mu fitar da sunayen Hausa da za su raba na daji da na ɗaki da na feshi. Mun yi wa kwamfuta da ƙanjamau wannan hidima, kuma jama'a sun karɓa. Wurin gwada sababbin kalmomin ma ba nisa: majalisun matasa na Ƙofar Mata da Yakasai da Zango, inda ake ƙirƙiro sunayen da muke ji daga baya.