Ƙwayar da ke mai da lemun tsami kamar zuma: mece ce gaskiyarta?

Jama'a masu saurarenmu na Dogo da kewaye, da ƴan uwa mazauna ƙetare, kwanakin nan tambaya guda ce ke ta dawowa a wayar gidan rediyo. Wai akwai wata ƴar ƙwaya ja-ja da ake tsotsa, sai lemun tsami ya koma kamar an zuba masa sukari. Wasu a WhatsApp suka gani. Wasu kuma ɗansu ne ko ƙanensu ya aiko da ita daga Faransa ko Amurka, da saƙon a ba tsoho tunda yana fama da ciwon sukari. Tambayar kashi biyu ce: abin gaskiya ne ko siddabaru? In gaskiya ne, magani ce? Amsar ta farko, e, gaskiya ne. Amsar ta biyu, a'a, ba magani ba ce.

Da farko mu kwantar wa iyaye da hankali, don mun san a nan in aka ce "ƙwaya" tramol ke faɗo wa mutum a rai. Wannan ba ta bugarwa, ba ta sa barci, ba ta hana shi. Naman ɗan wani itace ne aka busar, aka niƙa, aka haɗa da ɗan garin sitaci, aka danne shi ya yi siffar ƙwayar magani.

Itacen kuwa ba na Turawa ba ne, na Afirka ta Yamma ne. Yana fitowa a dazuzzukan kudu masu ruwa, tun daga Gana, Togo, Benin, kudancin Najeriya har Kamaru da Kongo. Yarabawa na ce masa agbayun, a Gana masu harshen Twi na cewa asaa, masana tsirrai kuma sun sa masa Synsepalum dulcificum. Dangin kaɗanya ne. Ɗansa ja ne in ya nuna, tsawonsa kamar santimita 2 zuwa 3, da ƙwallo guda a ciki, naman kuma kaɗan ne. Abin mamakin, shi kansa ba wani zaƙi gare shi ba. Ƴan uwanmu na zangon Kumasi da Akara, da masu zuwa Kwatano da Legas, mai yiwuwa kun sha wuce shi ba ku kula ba.

Mutanen can sun daɗe da saninsa. Sukan tauna shi kafin su ci kenke, wato dokunun masara mai tsami, ko kafin su sha bammin da ya kwana ya yi tsami. Wani Bafaranshe matuƙin jirgin ruwa, Des Marchais, ya ga haka a gaɓar teku a 1725 ya rubuta. A 1852 wani likitan sojan Ingila, William Daniell, ya sake bayaninsa daga ƙasar da ake kira Gana yanzu. Sai a 1968 ne masana suka ware sinadarin da ke wannan aiki, cikinsu har da Kenzo Kurihara ɗan Japan da Lloyd Beidler na jami'ar jihar Florida a Amurka. Sunan sinadarin mirakulin, daga kalmar Turawa ta abin al'ajabi. Dalilin mai da shi ƙwaya kuwa mai sauƙi ne: ɗan itacen kwana biyu ko uku yake yi ya lalace bayan an tsinke shi, ba ya jure tafiya.

Wani mai saurarenmu da ke Baljiyam ya aiko mana da fakiti guda, don haka muka taru a ɗakin shirye-shirye mu biyar muka gwada. Mun jera lemun tsami, jiƙaƙƙiyar tsamiya, zoɓo ba sukari, nono, ɗanyen mangwaro, tumatir, goro, barkono da shayi. Kowa ya fara ɗanɗana su haka nan, don ya san yadda suke. Sannan kowa ya ɗora ƙwaya ɗaya a harshe. Ba haɗiyewa ake ba, ba kuma taunawa ba. Juya ta ake yi a baki har ta narke ta shafi ko'ina a harshen, minti ɗaya zuwa biyu.

Lemun tsami ne ya fi ba da mamaki. Mai kula da na'urorinmu, wanda ko ganin ana yanka lemu sai ya yatsine fuska, ya tsotse rabi yana dariya, ya miƙa hannu ya ɗauki wani. Tsamin bai gudu gaba ɗaya ba, yana nan can ƙasa-ƙasa, amma zaƙi ya hau kansa ya danne. Tsamiya ta koma kamar alewa. Zoɓon kuwa ka rantse na sayarwa ne da aka cika wa sukari, har abokiyar aikinmu mai shirin mata ta ce ya yi mata yawa. Nono ya zama kamar Solani. Ɗanyen mangwaro ya yi ɗanɗanon nunanne, sai dai taurinsa na nan. Tumatir ya ɗan ƙara zaƙi.

Goro fa? Ɗacinsa na nan daram. Barkono ma bai rage ko kaɗan ba. Ruwa ruwa ne. Shayin da ba sukari bai canza ba, kuma wanda ya fara da shi cikinmu shi ne abin ya riga sakin harshensa, saboda zafi yana lalata sinadarin. Shi ya sa ba a dafa shi, ba a kuma jefa shi cikin kunu mai zafi a ce ya maye gurbin sukari. Ga sauranmu, bayan rabin awa zaƙin ya fara ja baya, kafin awa guda lemu ya koma lemu. Akwai waɗanda yakan kai musu kusan awa biyu.

To yaya abin yake faruwa? A kan harshe akwai ƴan ƙananan wurare masu karɓar ɗanɗano, ku ɗauke su kamar ƙofofi: ta zaƙi, ta tsami, ta gishiri, ta ɗaci, da ta ɗanɗanon nan na daddawa da romon nama. Sukari in ya shiga baki, ƙofar zaƙi yake bugawa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa a ce an sha zaƙi. Shi mirakulin zuwa yake ya liƙe a bakin ƙofar zaƙi ya yi shiru. Muddin ba tsami a baki, ba ya kawo zaƙi. Da tsami ya iso, sai siffarsa ta sauya ya shiga buga ƙofar da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta ɗauka sukari ne ya zo. Masu bincike na jami'ar Tokyo ƙarƙashin Keiko Abe ne suka fayyace wannan a 2011. Shi ke nan dalilin da ya sa goro bai canza ba: ba shi da tsamin da zai tada mai gadin ƙofar.

A nan muke so ku tsaya da mu, don nan ne maganar take. Uwayenmu mata sun san yadda ake kashe tsami. In miyar yakuwa ta yi tsami da yawa, ƴar kanwa ake jefawa ko ruwan toka, ka ga tukunya ta yi kumfa, tsamin ya mutu. Wannan kashewa ce ta gaske, abin da ke cikin tukunyar ne ya canza. Ƙwayar nan ba haka take ba. Ba ta taɓa lemun ba, harshe kawai ta ruɗa. Tsamin da ke cikin lemun yana nan yadda Allah ya yi shi, haka zai bi ta kan haƙora, haka zai sauka ciki.

Mun ga shaidar haka da kanmu. Wanda ya fi mu cin lemun ya wuni haƙoransa sun mutu, ko ruwan randa ba ya iya sha da daɗi. Tsami mai yawa yana cin fatar haƙori, kuma in ta tafi ba ta dawowa. Mai gyambon ciki da mai ƙwannafi kuwa su yi nesa da wannan wasa. A da tsamin ne ke tsayar da mutum bayan tsotsa ɗaya ko biyu, yanzu an ɗauke masa birki. Wanda ya gwada ya kuskure baki da ruwa bayan ya gama, ya ɗan jinkirta kafin ya yi asuwaki ko ya sa buroshi, don a lokacin haƙorin ya yi laushi.

Akwai kuma abin da masu tallar ba sa faɗa. Harshe mai gadi ne. Da tsami muke gane kunun da ya kwana ya lalace, ko furar da ta wuce lokacinta a zafin bazara. In ƙwayar na baki, lalataccen abu ma daɗi zai yi. Kar a ba yara su yi ta ɗanɗane-ɗanɗane ba babba a kusa.

Sai maganar ciwon sukari, wadda ita ce ta fi damun mu. Ku ƴan uwa na waje, mun san da kyakkyawar niyya kuke aikowa, Allah ya saka. Amma in kun aiko, ku haɗa da bayani. Ƙwayar ba a yarda da ita a matsayin maganin ciwon sukari ba, ba ta maye gurbin maganin da likita ya rubuta, ba ta maye gurbin allurar insulin. Tsohon da ya ajiye maganinsa don an aiko masa da "na Turai", lafiyarsa ya jefa cikin haɗari.

Amfanin da take da shi ga mai wannan ciwo guda ne: zai iya shan zoɓo ko tsamiya ko nono ba tare da an zuba sukari ba, ya kuma ji daɗin da ya yi kewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara biyar yana kallon mutane suna shan zaƙi. Amma abin da ke da sukarinsa tun asali yana nan da shi. Mangwaro, lemun zaƙi, fura, kunu, raken Korama da muke alfahari da shi, duk ƙwayar ba ta rage musu komai. Ga kuma ɗaya gefen da ya fi haɗari: mai shan magani wani lokaci sukarin jininsa kan faɗi ƙasa, ya ji jiri da rawar jiki da zufa. A wannan lokaci sukari na gaske yake bukata nan take, ko zuma, ko lemun kwalba. In aka ba shi ƙwayar da lemun tsami, bakinsa zai ji zaƙi, jininsa bai samu komai ba. Duk mai wannan ciwo da ke son gwadawa, ya fara zuwa CSI ko babban asibitin Damagaram ya yi shawara.

Mu da ba mu da ciwon ma lissafin ya shafe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abincin yini ke bayarwa. Ga babban mutum, wajen giram 50 ke nan, kamar ƙaramin cokali 12. Ƴan fada, ku ƙirga abin da ke shiga buta daga shayi na fari zuwa na uku, ku ba kanku amsa. Sai dai kamar yadda muka ce, ƙwayar ba ta da abin da za ta yi wa shayi, rage hannu ne kawai.

Hukumomin ƙasashen da ake sayar da ita ma ba su sake mata hanya gaba ɗaya ba. A Amurka wani mai suna Robert Harvey ya kafa kamfanin Miralin don ya mai da ita madadin sukari, amma a 1974 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ce sai an yi ƙarin gwaje-gwaje kafin a sa ta cikin abinci, kamfanin ya rufe. Har yau akwai masu zargin hannun kamfanonin sukari a ciki, zargin da ba a tabbatar ba. Tarayyar Turai kuwa sai a 2021 ta amince da busasshen ɗan itacen, bayan wani kamfanin Sifen mai suna Baïa Food, wanda ke samo shi daga manoman Gana, ya nemi izini. Ta kuma gindaya sharaɗi: na manya ne, ban da masu ciki da masu shayarwa, kuma kar a wuce giram 0.7 a yini. Mata masu juna biyu da ke kwaɗayin tsami, kun ji. A wasu asibitocin waje an yi ƙananan gwaje-gwaje ga masu ciwon daji da magani ya ɓata wa ɗanɗanon baki, wasunsu sun ce sun fi jin daɗin abinci, amma wannan taimakon ci ne, ba warkar da cutar ba.

Masu garka a fadama sun tambaye mu ko za a iya shuka shi a nan, tunda ana sayensa da tsada a waje. Gaskiya da wuya. Itacen yana son iska mai laima duk shekara, yana son inuwa tun yana ƙarami, sannan yana son ƙasa mai tsami. Mu kuwa fadamunmu da yawa kanwa ce ke tasowa a cikinsu, kishiyar abin da yake so ke nan, ga hunturu da ke busar da ganye. Ƙwallonsa ma ba ya ajiyuwa kamar irin gero, in ya bushe ya mutu, sai an shuka shi cikin ƴan kwanaki da cire shi. Ko a ƙasarsa yana da nawa wajen girma, sai ya shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara ƴaƴa. Mai son gwaji sai dai ya sa a tukunya ƙarƙashin inuwa, ya riƙa ba shi ruwan sama da ya tara, ban da ruwan rijiya mai kanwa.