Layin 'yan kaset a Ƙofar Wambai

A da, kafin ƙafarka ta kai layin 'yan kaset a Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, kunnenka ya riga ka isa. Wannan shago Shata ke tashi, na kusa da shi Ɗanƙwairo, can gaba wani ya ƙure lasifika da waƙar sabon fim, kowa na son danne maƙwabcinsa. Daga nan, da kuma shagunan yankin Bata a Kanon, ake lodin kwali-kwali zuwa Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram. Ragowar kuma masu baro da yaran tasha su kwasa su shiga gari.

Dillalan nan su ne masu wuƙa da nama. Mawaƙi zai gama aikinsa a sutudiyo ya kawo musu, a yi ciniki, a biya shi, su buga yadda suka ga dama. An sha kuka da su, ana cewa sun fi mai waƙar cin moriyarta, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma dai mutum yakan koma gida da kuɗi a aljihu a ranar.

Mai saye ma yana da nasa daɗin. Sai an sa masa ya ji, ya ce a juya ɗaya gefen, a taya, a yi ragi. In zaren ya sarƙe a rediyo, biro ne likitansa.

Faifan CD bai kashe kasuwar ba, kaya kawai aka sauya a kan kanta. Wanda ya fara karya ta shi ne ɗan ƙaramin memorin waya. 'Yan dawunlodin suka kafa tebur da kwamfuta a bakin titi, da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba su cika maka waya da waƙoƙi. Su ma ba su daɗe suna shan sharafinsu ba: abokai suka koma tura wa juna ta Xender, sannan YouTube da Audiomack suka zo, Spotify ya shigo Najeriya a 2021. Lokacin da "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game gari a 2020, ana cikin kullen korona, ta waya ta shiga gidaje, ba ta bi ta hannun dillali ba.

Yau da yawa daga masu shagunan sun koma sayar da caja da murfin waya, wasu sun bar harkar gaba ɗaya. Ni abin da ya fi damuna shi ne buhunan tsofaffin kaset da ke jibge a lungu suna shan ƙura da zafi. Akwai makaɗan ƙauye da muryarsu ba ta taɓa hawa intanet ba, a zaren nan kaɗai ta rage. Mai karatu, in kana da irinsu a gida, don Allah kada ka zubar, ka nemi mai kwamfuta ya kwafe maka su.