MASU BA JIRAGEN SAMA HANNU A KANO, DA NA'URAR DA KE TAYA SU

Duk wanda ya san karkarar da ke arewa da birnin Kano, watau wajen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, ya san ba daji a cikinta. Gona na jikin gona, ƙauye na hangen ƙauye. To, ta bisa kan waɗannan mutane ne jiragen sama da yawa ke ratsawa in za su sauka ko in sun tashi daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Saboda haka lafiyar jirgi ba ta matafiya ce kaɗai ba, har da ta manomin da ke duƙe yana noman geronsa.

Tun watan Nuwamba 1925 jirage suka fara sauka Kano, sa'ad da waɗansu guda 3 na sojan Ingila suka taso daga Masar. Yau kuwa sararin saman Nijeriya duka da sunan Kano aka san shi wurin matuƙan duniya. Hukumar NAMA ke lura da shi, kuma a Zariya, a kwalejin da aka kafa a 1964, ake koyar da masu ba jirage hannu.

Da can aikin nan ƙwaƙwalwa ce da takarda. Kowane jirgi da ɗan ƙyallen takardarsa, matuƙi ya faɗi inda ya ke ta rediyo, ma'aikaci ya rubuta, ya yi lissafi a ka. Akawun da ya taɓa haɗa jimlar kuɗi da dare ya san yadda gajiya kan sa alƙalami ya zame. Amma kuskuren akawu ana gyara shi da safe, na wannan kuwa sai dai Allah ya kiyaye.

A 2010 aka ƙaddamar da shirin TRACON, wanda kamfanin Thales na Faransa ya yi aikinsa. Aka kafa rada a wurare 9, cikinsu har da Kano da Maiduguri da Talata Mafara. Rada ita ce ido. Manhaja kuwa, watau tsarin umurnin da ke cikin kwamfuta, ita ke auna abin da idon ya gani. Ta kan nuna kowane jirgi bisa allo da lambarsa da tsawonsa da saurinsa. Sa'an nan ta lissafa inda kowanne zai kai nan da minti biyu. A can ƙololuwa, ƙa'ida ita ce a bar ƙafa 1,000 tsakanin jirgin da ke bisa da na ƙarƙashinsa. In ta ga biyu za su karya wannan tazara, sai ta yi ƙara, ta sauya launinsu. Haka kuma ta kan yi gargaɗi in jirgi ya yi ƙasa fiye da kima, abin da ke da amfani ƙwarai da hunturu, sa'ad da hazo kan rufe Kano har mai hasumiya bai ganin ƙarshen fili.

Darajar wannan gargaɗi ta bayyana ran 1 ga Yuli, 2002, sa'ad da jirage biyu suka yi karo bisa Uberlingen a Jamus, mutum 71 suka rasu. Daren nan ana gyaran na'urorin ofishin da ke lura da su, alamar gargaɗin ba ta fito bisa allo ba, ga shi ma'aikaci ɗaya ne a bakin aiki.

Amma kada a ɗauka na'ura ta gaji mutum. Ita nata lissafi ne da faɗakarwa. Hukunci na ma'aikaci ne, shi zai ce wannan ya hau, wancan ya karkata. Kuma na'ura na bukatar wuta da gyara da sabuntawa in ta tsufa, in ba haka ba ta zama makauniyar jagora. Malaman makaranta kuwa su dage wajen lissafi da Turanci, gama da su ake wannan aiki, kuma ba abin da zai hana ɗan Minjibir ya zauna kan kujerar nan.