"WA YA GAYA MAKA?": DARASIN DA WANI ƊALIBI YA KOYA A KASUWAR KWASTAM TA MAIDUGURI

Duk wanda ya yi zaman Kurmi ya san irin halin da mutum kan shiga idan aka ce wani abu ya faru a gida. Ko a Agege kake, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Fatakwal, da zarar labari ya iso sai ka ga an bar ciniki an yi cincirindo, kowa da waya a kunne. Haka muka yini a nan Ikko ranar Talata 10 ga watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri irin shigar da bai yi ba tun 1994.

A wannan rana mun ji gaskiya, mun kuma ji ƙarya, duk a cikin waya ɗaya. Gaskiya ne ruwa ya shiga fadar Shehun Barno da Asibitin Koyarwa da unguwannin Gwange da Gamboru. Gaskiya ne fursunoni fiye da 270 sun tsere da ruwa ya rushe katangar gidan yari, kuma kadoji da macizai sun fita daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce abin ya shafi mutane kimanin miliyan ɗaya. Amma a tsakanin waɗannan akwai hotunan da ba na Maiduguri ba ne, akwai kuma lissafin mamata iri-iri da ba a san wanda ya ƙidaya ba. Mutumin da uwarsa ke Gamboru, yana nan nesa da gida, ba shi da hanyar rarrabewa.

Wannan ne ya sa na ga ya kamata in ba masu karatu labarin wani yaro ɗalibi, ɗan ƙanwata, da abin da ya koya a Kasuwar Kwastam. Yawancinmu muna da irinsa a makaranta, kuma da guminmu ake biya masa kuɗin karatu.

AIKIN DA AKA BA SHI

Maiduguri gari ne na karatu tun asali, na allo da na boko. Akwai jami'ar da aka kafa a 1975, wadda Shugaba Tinubu ya sanar a watan Yuli na 2025 cewa an sa mata sunan Muhammadu Buhari, kuma tana da sashen koyon aikin jarida. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, da Kwalejin Horon Malamai ta Kashim Ibrahim, da Kwalejin Shari'a ta Mohammed Goni. A ɗaya daga cikin makarantun garin yaron nan yake karatu.

Bayan ruwa ya janye, malaminsu ya ce kowa ya rubuto bayani a kan yadda 'yan kasuwa suka farfaɗo. Shi sai ya zaɓi Kasuwar Kwastam, watau kasuwar Gamboru, wadda ke gefen gari ta hanyar Mafa da Dikwa da Gamborun Ngala, can iyakar Kamaru. Kasuwa ce ta talaka, ta gero da dawa da wake da barkono da albasa da kayan miya, inda a rumfa ɗaya za ka ji Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa. Ta sha wuya kafin ruwa ma, domin a 2023, makonni kaɗan bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar gari, watau Monday Market, ita ma wuta ta tashi a cikinta.

Cikin dare ɗaya ya gama aikin, ya aiko mini ta waya wai in duba masa. Turanci kam ya yi kyau, har ya fi ƙarfin wanda na san yana da shi. Ya kawo yawan rumfunan da suka lalace, ya kawo miliyoyin Naira da aka yi asara, ya kuma manna hoto. Na kira shi na yi masa tambaya ɗaya, na ce wa ya gaya masa wannan lissafi. Ya ce ai kowa ya sani. Na sake tambaya. Ya ce a WhatsApp ya gani. Da na matsa, sai ya ce Kawu, gaskiya rabin bayanin ma na'urar nan ta ChatGPT ce ta tsara masa. Daga ɗakin kwanansu zuwa kasuwar bai fi tafiyar Keke Napep ba, amma bai taka ƙafarsa can ba.

MU MA MUN SAN WANNAN ILMI

Ban yi masa faɗa ba, sai na tuna masa abin da ya riga ya sani. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya ji ana cewa wane ya karɓo daga wane, shi kuma daga wane. Wannan shi ne isnadi. Malamai irin su Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ba su karɓar magana don daɗinta, sai sun bi sarƙar mutanen da suka kawo ta, sun binciki gaskiyar kowanne da ƙarfin haddarsa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati kuwa umarni ce da a yi bincike a kan labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu mutane cikin rashin sani.

A ƙasar Barno ma ba baƙon abu ba ne. Imam Ahmad ibn Furtu, babban limamin birnin Gazargamu, ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma a 1576 da 1578, kuma shi da kansa ya bi Mai a wasu daga cikin tafiye-tafiyen. Shekara ɗari huɗu da ɗoriya ke nan, har yau masana tarihi suna dogara da shi, domin ya kawo sunayen garuruwa da zango-zangon da aka yada, abin da mai bincike zai iya bi ya gwada. Haka kuma sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, sunan jaridar kansa alkawari ne aka yi wa mai karatu, a daidai lokacin da yaƙin duniya na biyu ke ƙaratowa, jita-jita ta cika ƙasa.

Ku kuma 'yan kasuwarmu na Kurmi, kun fi kowa sanin wannan. Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Badun a 1962 da 1963 yana nazarin cinikin shanu da goro. Abin da ya gano shi ne abin da iyayenmu ke yi kullum: ana sayar wa mahauta shanu bashi, babu takarda, babu lauya, sai maganar mai gida da dillalinsa. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai tsaya wa baƙonsa. Ranar da maganarsa ta faɗi ƙasa, baƙi sun bar gidansa ke nan. To, marubuci ma dillali ne tsakanin wanda abu ya sama da wanda zai karanta, kuma jarinsa ɗaya ne da na mai gida.

KWANA UKU A KASUWA

Na ce masa ya ajiye wancan rubutu, ya sayi littafi da biro, ya tafi Kwastam. Ran farko ya dawo hannu wofi. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ya ishe su tun daga 2009, ba su sakin baki ga baƙon yaro mai rubuce-rubuce. Wasu sun ɗauka ɗan leƙen asiri ne, wasu kuma sun ɗauka mai rubuta sunayen masu karɓar tallafi ne, sai suka riƙa ninka asararsu. Wannan shi ne darasi na farko, watau mutum yakan ba ka amsa gwargwadon abin da yake zaton kai ne. Don haka wajibi ne ka faɗi ko kai wane ne, da abin da za ka yi da maganarsa.

Rana ta biyu ya bi ta hannun shugabannin layin 'yan hatsi, ya gaisa, ya nuna katin makaranta, aka haɗa shi da wani dattijo mai sayar da wake. Dattijon bai ba shi miliyoyi ba. Ya nuna masa tabon da ruwa ya bari a bango, ya faɗi buhu nawa ya jiƙe masa, ya kuma fito da littafin da yake rubuta bashi, duk ya manne, tawada ta wanke. Ya ce wasu daga cikin waɗanda yake bi sun zo da ƙafarsu sun faɗi abin da ke kansu, wasu kuwa har yanzu shiru. Yaron ya so ya rubuta cewa duk 'yan kasuwar Kwastam sun biya bashi bisa amana. Na ce a'a, mutum ɗaya ya gaya maka, kuma shi ma cewa ya yi wasu. Rubuta wasu.

Rana ta uku ya tambayi farashi, nan ma ya ci karo da abin da ba ya cikin waya. Kwanon awo ba ɗaya ba ne daga layi zuwa layi, kuɗin safe ba shi ne na yamma ba, kuma kuɗin da aka fara yi wa baƙo ba shi ne wanda ake sallamawa ba. Wanda ya rubuta "farashin wake a Maiduguri" bai faɗi wane irin wake ba, da wane mudu, a wace rana, to bai faɗi kome ba. Ku da ke sauke kaya a Mile 12 da Bodija kun san asarar da irin wannan labari kan jawo.

Hoton nan kuwa da ya manna, da ya sa shi a manhajar Google mai binciken hotuna, sai ga shi an daɗe da buga shi, na ambaliyar wata ƙasa ce dabam.

ZAMANI YA ZO DA NASA

Kada mai karatu ya ɗauka muna zagin zamani ne. Waɗanda ke da 'yan'uwa a Barno ba su manta da 2013 ba, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu, aka katse layukan waya wata da watanni, mutum bai san ko nasa na raye ba. Waya alheri ce. Amma ita ce kuma ta tashe mu da asuba a watan Agusta na 2014 aka ce a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda cutar Ebola, har aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Ba maƙiyi ne ya aiko mana da wannan saƙo ba, masoyi ne da bai tambaya ba. Waɗanda suka ga rikicin Kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairu na 2021 sun san yadda labari kan kumbura kafin ya isa Arewa, da irin fargabar ramuwar gayya da kan biyo baya a kan mutanen da ba su ji ba su gani ba.

Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, ɗalibi na iya samun shafi biyar cikin minti ɗaya. Na'urar tana harhaɗa kalmomi ne bisa ɗimbin rubutun da aka ɗura mata, shi ya sa takan kawo lissafi ko sunan littafin da babu shi, kuma ta faɗe shi ba tare da ɗar ba. Tana da amfani wajen gyaran nahawu da fahimtar darasi mai wuya. Amma ba ta taɓa tsayawa a rumfar mai wake ba, kuma idan ta yi kuskure sunan ɗalibi ne a saman takarda.

Abin farin ciki, an samu masu maida tantance labari sana'a. Akwai Africa Check da aka kafa a 2012, akwai Dubawa da ta fara aiki a Nijeriya a 2018, akwai kuma HumAngle wadda Ahmad Salkida, ɗan Jihar Barno, ya kafa a 2020. Ɗalibin da ya iya wannan aiki yana da inda zai nufa.

ABIN DA YA MIƘA

Rubutun da yaron nan ya miƙa daga baya bai kai na farko tsawo ba, Turancinsa ma bai kai wancan santsi ba. Amma ya raba maganarsa kashi huɗu: abin da ya gani da idonsa, abin da wanda abin ya sama ya gaya masa, abin da hukuma ta sanar tare da ranar sanarwa, da abin da ake faɗa a gari wanda ya bayyana a fili cewa ji kawai ya yi. Bai sa sunan dattijon ba, domin dattijon bai yarda ba. Lissafin rumfunan nan da bai san asalinsa ba ya cire shi ɗungum. Kafin ya kai wa malami, sai da ya koma kasuwa ya fassara wa dattijon abin da ya rubuta, dattijon ya gyara masa yawan buhuna, ya ce ɗana, ka ƙara mini biyu.

Ya gaya mini wannan gyara ya fi masa makin da ya samu daɗi, kuma yanzu idan ya ratsa layin 'yan hatsi kiransa suke yi su ba shi labari tun bai tambaya ba.

Shawarata ga iyaye da yayye da ke nan Kurmi ita ce, idan ka aika da kuɗin makaranta, ka nemi yaro ya karanta maka abin da ya rubuta, ko da kai ba ka yi boko ba. Ba sai ka iya Turanci ba kafin ka tambaye shi wa ya gaya masa, ya je wurin ko bai je ba, kuma yaushe. Tambayoyin da kake yi wa direba ke nan kafin ka yarda kaya sun taso daga Maiduguri. Mu ma kanmu, kafin mu tura wa 'yan'uwa saƙon da ya shigo waya, mu yi wa kanmu irinsu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, wanda kuwa bai samu gani ba, aƙalla ya san bakin da ya ji.

Allah Ya mayar wa mutanen Barno da alherin abin da suka rasa, Ya kuma yi wa karatun 'ya'yanmu albarka, amin.