Tallar rediyo: abin da ɗan kasuwa zai duba kafin ya biya

Tun bayan 2011 gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Libiya. Mai shago a Sabha, ko manomin dabino a Samnu da Tamanhint, yana iya ganin wakilin tasha a ƙofarsa yana neman talla. Kafin a zaro dinari, gara a san yadda sana'ar take.

Kano ta riga mu nisa a wannan harka. Dokar 1992 ce ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a Najeriya, Freedom Radio kuma ta fara aiki a 2003. Tasha irin wannan da kuɗin talla take biyan albashi da man janareta.

Gwanin wakili ba ya farawa da takardar farashi. Sai ya zauna an gaisa, sannan ya tambaya: su wa ke sayen kayanka, yaushe suke kunna rediyo? Mai atamfa a Kantin Kwari matan gida yake nema da hantsi, mai kayan mota kuwa direbobi da sassafe. Tallar daƙiƙa 30 da ake maimaitawa kullum ta fi doguwa da aka saka sau ɗaya, don kunne mantuwa gare shi.

Sai batun amana. In tasha ta karɓi kuɗin mai maganin da wai yana warkar da kowace cuta, ranar da asiri ya tonu har labaranta za a daina yarda da su. Addininmu ma ya hana algus da rantsuwar ƙarya a ciniki.

Don haka, ɗan'uwa, ka nemi lokutan tallarka a rubuce, ka saurara da kanka, kuma ka riƙa tambayar masu saye inda suka ji labarinka.