Ɗan da Ya Tsumbure a Ciki: Ruwan Naƙuda ko Aiki?

Ma'aikaciyar awo ta ɗora tef daga ƙashin mara zuwa saman ciki, ta duba kati, ta sake aunawa. Ciki ya kai sati 34, tef kuwa ya tsaya a santimita 29. Daga sati 24 zuwa gaba lambobin nan biyu kusan tare suke tafiya, don haka giɓin biyar ba abin kau da kai ba ne. Sai ta tura mai cikin ɗakin hoto. In hoto ya nuna cewa da za a jera 'ya'ya ɗari masu kwanakinsa, wannan zai faɗa cikin goman da suka fi ƙanƙanta, to magana ta taso: yaushe za a fito da shi, kuma ta wace hanya?

A gida, amsar ba ta da wuya. "Ai gara haka, 'yar nan, ƙaramin ɗa ba ya ba da wahala." Da zuciya ɗaya iyaye mata ke faɗar wannan, amma a nan kuskuren yake. Fitowa ba ita ce matsalar ɗan nan ba. Matsalarsa ita ce ko zai jure sa'o'in da ke gaban fitowar.

Ƙananan 'ya'ya iri biyu ne. Akwai wanda ƙanƙanta gadonsa ce, uwa ƙarama, uba ƙarami, lafiyarsa lau. Akwai kuma wanda yunwa ce ta tsumbure shi, saboda mabiyiya ta gaza kai masa abinci da iska yadda ya kamata. Hawan jinin masu ciki na kan gaba wajen jawo haka, ga zazzaɓin cizon sauro da ke maƙalewa a mabiyiya ko da uwar ba ta jin zazzaɓi, ga ƙarancin jini, ga sikila. Ɗan da ya shiga wannan hali dabara yake yi ta mai ƙaramin rumbu: ya tura yawancin jininsa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa ƙoda da hanji. Da ƙoda ta rage fitsari sai ruwan faya ya ja baya, domin a watannin ƙarshe akasarin ruwan nan fitsarinsa ne. In ruwa ya yi kaɗan, igiyar cibiya ba ta da matashi, sai ta riƙa dannuwa.

Yanzu a dubi naƙuda. Duk sanda mara ta murɗa, mahaifa na matse jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya. In naƙuda ta kankama, hakan na faruwa sau uku zuwa biyar a cikin minti goma, kowanne ya kusa minti guda. Lafiyayyen ɗa kamar mai nutso ne da ya cika ƙirjinsa da iska, ya nutse ya taso, ya sake nutsewa. Tsumburarren ɗa kuwa da haki ya shiga ruwan. Shi ya sa bugun zuciyarsa ke saurin faɗuwa, shi ya sa yakan yi kashi a ciki ya shaƙa.

Abin da ke raba gardama shi ne awon Doppler, wato hoton da ke duba gudun jini a igiyar cibiya. Wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin ya san sautin, fuu, fuu, fuu, a allo kuma ga tsaunuka a jere. Likita ba ƙololuwar tsaunin ya fi dubawa ba, kwarin da ke tsakani yake kallo, lokacin da zuciyar ɗan ta ɗan huta. In jini na ci gaba da gudu a wannan hutun, mabiyiya na da sauran ƙarfi. In ya tsaya cak, ta gaji. In ya juyo baya, gobara ta kama gida.

A kan wannan awon ne ƙungiyar likitocin ciki mai haɗari ta Amurka ta gina shawararta ta 2020. Idan ɗan ƙarami ne amma gudun jini daidai yake, a haife shi a sati 38 zuwa 39. Idan yana cikin uku mafi ƙanƙanta a ɗari, ko gudun ya fara raguwa, sati 37. Idan jini na tsayawa, sati 33 zuwa 34. Idan yana komawa baya, sati 30 zuwa 32. A waɗannan biyun na ƙarshe ne ake karkata ga aikin tiyatar da aka shirya, ba tare da an jarraba naƙuda ba. Haka ma in ɗan ya zo da ɗuwawu, ko mabiyiya ta tare ƙofa, ko zuciyarsa ta riga ta nuna gajiya tun mara ba ta fara ciwo ba.

Ga sauran kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, ƙanƙanta kaɗai ba dalilin wuƙa ba ce. A ƙasar Holan an yi wani bincike mai suna DIGITAT, aka buga shi a 2010. Mata 650 masu ciki sama da sati 36, da ake zaton 'ya'yansu sun tsumbure, aka raba gida biyu: wasu aka tayar musu da naƙuda, wasu aka jira ana sa ido. Lafiyar jariran ba ta bambanta sosai ba, kuma a kowane ɓangare kimanin 14 cikin 100 ne suka ƙare a ɗakin tiyata. Ke nan mata shida cikin bakwai da kansu suka haihu.

Sai dai ina so a tsaya a kan wannan ta bakwai ɗin, don ita ce ke hana ni barci. A asibitocin da aka yi binciken akwai na'urar da ake ɗaura wa mace a ciki tana zana bugun zuciyar ɗa ba tsayawa, ga ɗakin tiyata a kusa, ga jini a ajiye. Da zuciya ta fara sanyi an gani, an shiga da ita. A asibitin da ungozoma ɗaya ke riƙe da mata takwas da dare, da ɗan ƙahon saurare guda, likitan da ke sa barci kuma sai an kira shi daga gida, tayar da naƙudar tsumburarren ɗa wani abu ne daban, ko da sunan ɗaya ne. A ganina tambayar ba "ruwa ko aiki" ba ce kawai. Tambayar ita ce: in an sa ruwan, wa zai zauna yana sauraren yaron, kuma minti nawa ne tsakanin gadon naƙuda da teburin tiyata? In babu amsa, a nemi takardar turawa babban asibiti tun ana da kwanaki a hannu.

Yadda ake tayar da naƙudar ma yana da nasa nauyi. Ƙwayar misoprostol da ruwan oksitosin na iya sa mara ta riƙa murɗawa ba hutu, hutun nan kuwa shi ne numfashin yaron. Saboda haka likitoci da dama sun fi son fara da robar fitsari ta Foley, a zura ta bakin mahaifa, a hura ɗan balan-balan ɗinta da ruwa, ta buɗe ƙofa a hankali. Macen da aka taɓa yi wa aiki ba a ba ta misoprostol, domin ɗinkin na iya yagewa. Sayen ƙwayar a kemis ko kiran mai allura gida, a irin wannan cikin, wasa da rai biyu ne.

Tsoron aiki kuma ba jahilci ba ne. Akwai zubar jini, akwai ruɓar ciwo, akwai tabon da mace za ta shiga duk cikin gaba da shi, kuma yawan tabo na ƙara haɗarin mabiyiya ta manne ta ƙi fita. Ga yarinya 'yar shekara ashirin a cikinta na fari, wannan lissafi ne na gaske. Ga kuɗi, ko da yake a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a Najeriya. Amma aikin da aka shirya da hantsi, kowa na nan, ya fi sauƙin haɗari a kan wanda aka yi a guje da tsakar dare bayan doguwar naƙuda.

In dole a fito da ɗan kafin sati 34, ana yi wa uwar allurar deksametason don huhunsa ya nuna. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, wanda asibitocin Najeriya na cikinsa, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini. In ɗan ya iso, ta kowace hanya, sanyi da faɗuwar sukari ne ke jiransa, don ba shi da kitse. Abin da yake buƙata shi ne ƙirjin uwa, fata da fata, da nono da wuri, ba wankan gaggawa ba.

Maigida, in an ce gobe za a sa ruwa, ka sa hannu a takardar aiki tun yau, ka zo da mai ba da jini, kada ka kashe waya. Ke kuma uwar gida, kafin ranar ta zo, in kin ji motsinsa ya ragu, ranar za ki tafi asibiti, ba ranar awo ba.