Cinikin Tsohuwar Jita da Haƙƙin Wanda Bai San Farashi Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan an tashi daga karatun da muke yi tsakanin Magariba da Isha'i, wani ɗalibi ya dakata har jama'a suka ragu, sannan ya matso ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, amma kunyar abin da ke cikinta nake ji." Mahaifinsa ya rasu ya bar shi da mahaifiyarsa da ƙanne ƙanana. Cikin tarkacen da ke ɗakin ajiya akwai kan keken ɗinki, da rediyo, da wata tsohuwar jita ta katako, irin wadda ba a jona ta da lantarki, da marigayin ya dawo da ita daga karatu tun yana saurayi. Wani mutum daga cikin masu bin gidaje suna sayen tsofaffin kaya ya zo, ya juya jitar, ya leƙa cikinta da fitilar waya, ya ce itacen hura wuta ce, ya haɗa kayan duka ya yi tayi ɗaya. Uwar ta sallama. Bayan makonni ɗan ya ci karo da irin wannan jita a intanet an rubuta mata farashi da dala. Tambayarsa ita ce: an ƙware su ne, kuma suna da ikon warware cinikin?

Ba za mu tsallake abin da ya sa shi jin kunya ba. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da namu na Malikiyya, ba su halatta kayan kiɗa masu tsirkiya ba, saboda haka ba su ga ingancin sayar da su ba. An ruwaito daga Imam Abu Hanifa cewa cinikinsu yana ƙulluwa, kuma wanda ya fasa na wani zai biya, alhali manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan, sun saɓa masa. Ibn Hazm na Andalus bai ga haramcinsu ba tun asali. Mu dai mun fi natsuwa da maganar mazhabarmu, kuma haka muka faɗa wa ɗalibin. Sai dai tambayarsa ba ta mutu da wannan amsa ba, domin keken ɗinki da rediyo suna cikin cinikin, kuma abin da ya faru da gidansu yana faruwa kullum da tsohon agogo, da tagullar kaka, da alkyabba, da littattafan rubutun hannu, da tsohuwar mota. Jita ce kawai aka kawo mana, kuma da wuya a sami kayan da ke nuna nisan da ke tsakanin masani da marar sani kamar ta.

Yawancin kayan hannu darajarsu raguwa take yi da tsufa. Wasu kaɗan kuwa tsufan ne jarinsu. Kamfanin Martin na Amurka ya fara ƙera jita a 1833, kuma tun 1898 yake buga lamba a cikin kowace ɗaya, a katakon da wuya yake haɗuwa da jiki. Wanda ya san sana'ar, da ya leƙa ya karanta lambar ya san shekarar ƙira. Sanin shekarar kuwa ba ƙaramin abu ba ne: har zuwa wajen 1969 kamfanin yana yin baya da gefen manyan jitocinsa da wani katako mai duhu na ƙasar Barazil, daga nan ya koma irinsa na Indiya. A 1992 aka saka katakon na Barazil cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta fi tsananta hana fataucinsu. Ke nan jita biyu masu suna ɗaya da siffa ɗaya, tsakaninsu shekara biyu ko uku, farashin ɗaya kan ninka na ɗayar. Idon uwar marayu ba zai ga wannan bambanci ba. Fitilar wayar mai saye tana gani.

Bayan suna da shekara sai lafiyar kaya. Masu sana'ar suna duba ko fuskar jitar katako ce guda ko falle-falle ne da aka manne. Suna duba tsagewa, da ko wuyan ya karkace har tsirkiyoyi sun yi nisa da shi, domin gyaran wannan aiki ne mai tsada. Suna duba ko an canza wani sashe. Abin da zai ba mutanenmu mamaki shi ne sabon fenti rage daraja yake yi, ba ƙari ba: tsohuwar jita da aka kankare aka sake shafa mata sheƙi takan rasa kaso mai yawa na kuɗinta, domin masu nemanta asalin suke biya, da ƙujewarsa da dusashewarsa. Mu da muka saba wanke mota da fesa mata fenti kafin a kai ta kasuwa sai mu lura. Akwai kuma illar da ta shafi ƙasarmu musamman. Katakon jita yana son iska mai matsakaiciyar laima, hunturunmu kuwa busar da shi yake yi har ya dare. Jitar da ta shekara arba'in a ɗakin ajiya a Kano ko Damagaram, da wuya ta fita ba tabo.

Nan ne muka fara rage wa ɗalibin zafi. Takardar da ya tuna ya gani a cikin jitar mahaifinsa ta Yamaha ce, ƙirar Japan. Waɗannan jitoci, da aka fara fitarwa a 1966, suna da masoya, amma an ƙera su da yawa, kuma cinikinsu a ɗaruruwan daloli yake, ba dubbai masu yawa ba. Labaran da ke ruɗa mutane na wani aji ne daban. A watan Yunin 2020 an yi gwanjon wata Martin ƙirar 1959 a kan dala miliyan 6, ba don katakonta ba, sai don mawaƙin nan Kurt Cobain ne ya riƙe ta. Wanda ya auna kayan gidansu da wannan sikeli zai zargi mutanen kirki da zalunci. Haka kuma farashin da mai kaya ya rubuta a intanet buri ne kawai. Abin da ake dogara da shi shi ne kuɗin da aka biya da gaske a kan irin kayan, a irin halinsa, kwanan nan.

Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suka kira samanul misli, wato kuɗin da ake sayen irin abu a wurinsa da lokacinsa. Kalmar wuri tana da nauyi. Farashin birnin da masu saye suke da yawa ba shi ne na unguwar da ba mai nema ba. Kafin kaya ya isa can akwai kuɗin jigila, da haɗarin fashewa a hanya, da la'adar dillali, da watannin jira. Duk wannan haƙƙin ɗan kasuwa ne ya cire shi daga tayinsa. Kuma ba mai kaya ba ne yake yanke ƙima, ba mai saye ba ne, ba limami ba ne. Masana kayan ne, waɗanda ba su da rabo a cinikin. Alƙalan Musulunci tun da can gare su suke komawa idan aka yi jayayya a kan dabba ko gida ko tufa.

Shari'a ba ta ƙi riba ba, kuma ba ta yanka mata iyaka ba. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi kuma ya yi masa addu'ar albarka. A cikin Bukhari ɗin dai, filin Gaba da Zubairu ɗan Awwam ya saya dubu 170, ɗansa Abdullahi ya sayar da shi miliyan 1 da dubu 600. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwait a 1988, cewa babu wani kaso da aka ƙayyade wa 'yan kasuwa. Mutumin da ya ɓata shekaru yana koyon bambanta katako da katako, iliminsa jari ne, kuma halal ne ya ci daga gare shi.

Amma dubi abin da ribar Urwa da ta Zubairu suka ginu a kai: kasuwa a buɗe, masu saye suna ganin abin da suke saye. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta rataya halaccin ciniki a kan yardar juna, kuma yardar da aka samo ta hanyar ƙarya ba yarda ba ce. Mun saba jin hadisin tulin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa, har muka ɗauka ha'inci laifin mai sayarwa ne kaɗai. Ba haka ba ne. Annabi (SAW) ya hana tarbar fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashi, kuma a ruwayar Muslim ya ba mai kayan zaɓi idan ya iso kasuwa. A nan mai saye ne aka tsawatar, kuma dalilin a fili yake: ya yi farautar rashin sanin ɗan'uwansa. Mai bin gidajen makoki da fitilar waya, yana kiran kaya itace alhali ya karanta takardar da ke ciki, bai yi nisa da mai tarbar fatake ba. Bambancin kawai shi ne wannan ya shigo har tsakar gida.

To, ana warware ciniki saboda ƙwara kawai? Mashhurin maganar Malikiyya, kamar yadda Shaihu Halil ya kawo a Muhtasar, ita ce ba a warwarewa ko da ƙwarar ta wuce al'ada, matuƙar baligi mai hankali ne ya yi cinikinsa da kansa. Hikimar haka ita ce kada kasuwa ta zama wurin da kowa ke dawowa gobe ya ce ya fasa. Amma sun keɓe wanda ya miƙa wuya, wato wanda ya ce wa abokin cinikinsa: ban san kuɗin wannan ba, ka saya yadda ake saye. Idan aka yi wa irin wannan ƙarya, yana da haƙƙin mayarwa. Ibn Asim na Garnaɗa ya bi wata hanyar a Tuhfa, ya karɓi ƙarar ƙwara da sharaɗi uku: kada a wuce shekara, mai ƙarar ya kasance bai san farashi ba, kuma ƙwarar ta kai sulusi ko fiye. Majallar Daular Usmaniyya, wadda ke kan mazhabar Hanafiyya, ta ƙayyade mummunar ƙwara da ɗaya bisa 20 a kayan ciniki, ɗaya bisa 10 a dabbobi, ɗaya bisa 5 a gidaje da filaye, amma ba ta ba da damar warwarewa ba sai an haɗa da yaudara.

Majallar ta keɓe abu uku daga wannan sharaɗi: dukiyar maraya, da waƙafi, da baitulmali. Malamanmu ma haka suka ce game da wakili da wasiyyi, cewa idan suka sayar da ƙwarar da mutane ba su saba yafe irinta ba, cinikin ana mayar da shi. Wannan shi ne wurin da ɗalibin bai lura da shi ba, kuma shi ne mafi ƙarfin hujjarsa. Kayan ɗakin ajiyar ba na mahaifiyarsa ba ne. Daga ranar da maigida ya rasu sun zama na magada, nata a ciki sumuni ne, sauran na 'ya'ya. Babba yana iya yafe rabonsa, yana iya kyautar da shi. Rabon yaron da bai balaga ba kuwa babu mai ikon yafe shi a madadinsa. Mun sha ganin ana rabon gado a ƙirga gida da gona da kuɗin banki, a bar "tarkace" a hannun duk wanda ya fara share ɗaki, alhali wani lokaci abin da ya fi daraja a gidan yana cikin tarkacen.

Akwai matakin da ya fi na alƙali. Imam Nawawi ya kawo a sharhinsa na Muslim cewa an sayo wa Jarir ɗan Abdullahi doki a kan dirhami 300. Da ya ga dokin sai ya shaida wa mai shi cewa ya fi haka, ya yi ta ƙara masa ɗari-ɗari har ya biya 800. Da aka tambaye shi, sai ya ambaci mubaya'ar da ya yi wa Annabi (SAW) a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Ba mu ce wajibi ne kowane mai saye ya zama Jarir ba. Da mutumin ya ce wa uwar: "Hajiya, wannan abu yana da masu nema, zan ba ki kaza, ni ma in ci riba, ko ki tambaya tukuna," da ya fita daga zargi, kuma da wataƙila ta sallama masa a nan take.

Abin da muka ce wa ɗalibin shi ne ya fara da sanin gaskiyar ƙima kafin ya ɗaga murya. Ya nemi masana biyu da ba su san juna ba, ya kwatanta musu kowane kaya da aibinsa, kada ya ɓoye tsagewar da ya sani don yana jin haushi. Game da jitar, idan ya bi maganar mazhabarmu, ba zai nemi ƙarin kuɗi a kanta ba. Idan kuma magada suka saɓa a kan haka, hukuncin na alƙali ne, ba namu ba. Game da keken ɗinki da rediyo, idan ta tabbata ƙwarar ta wuce misali, ya ɗauki dattijo ɗaya daga dangin mahaifinsa su sami mutumin cikin mutunci, su nemi ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, ko ya cika abin da ya rage idan kayan sun bar hannunsa. In ya ƙi, kotu tana nan saboda rabon yara. Muka kuma gargaɗe shi da kada ya ɗora wa mahaifiyarsa laifi ko da da kallo ne, domin tana cikin takaba ta yi cinikin, kuma ɗakin take son ta share wa ƙannensa. Allah ne mafi sani.